Abin da Ke Ɗaure wa Ba'amurke Kai a Filin Ƙwallon Ingila

Ba'amurken da aiki ko karatu ya kai shi Ingila ba ya daɗewa abokan zamansa suke jan sa kallon ƙwallo, ko a fili ko a gaban talabijin. Mutumin nan ba baƙon wasanni ba ne. Ya taso a ƙasar da kusan komai ke tsayawa ranar Super Bowl, wasan ƙarshe na gasar zari-rugar Amurka, ya san 'yan ƙwallon kwando tun yana firamare, wataƙila ma ya taɓa buga ƙwallon ƙafar da kansa, domin a Amurka wasa ne da ya yaɗu ƙwarai tsakanin yara da 'yan makaranta. Amma ana take wasa sai tambayoyi su fara zubo masa. Me ya sa agogo yake ƙaruwa maimakon ya ragu? Minti 90 ya cika, me ya hana a tashi? An tashi babu ci, to wa ya yi nasara? Kuma me ya sa mutanen nan suke rungumar juna har da hawaye don ƙungiyarsu ta ƙare a mataki na 17 cikin 20?

Masu masaukinsa sukan ɗauka rashin sanin doka ne, sai su duƙufa koya masa satar gida. Wannan kuwa abu ne mai sauƙi. A lokacin da abokin wasanka ya turo maka ƙwallo kana ɓangaren abokan hamayya, kada ka fi ƙwallon da kuma mutum na biyu daga ƙarshe cikinsu kusa da layin gidansu. Wasa uku ko huɗu sun isa ya gane. Wanda ya iya haddace dokokin zari-rugar Amurka, masu yawan rassa da togaciya, dokoki 17 na ƙwallon ƙafa ba za su gagare shi ba. Ruɗaninsa daga wani wuri yake tasowa. Ya zo da fahimtar abin da ake nufi da gasa, da ƙungiya, da nasara, da faɗuwa, wadda aka gina a ƙasarsu sama da shekara ɗari, sai ya tarar a nan an gina wata daban. Kuma ina ganin ya kamata mu masu bin gasar Firimiya mu fahimci wannan ruɗani da kyau, domin a yau mutanen da suka taso da irin fahimtarsa su ne suka mallaki wajen rabin ƙungiyoyin gasar.

A fara da agogo, tunda shi ido ke fara gani. A NFL, babbar gasar zari-rugar Amurka, minti 60 ake bugawa, amma wasan kan ci sama da awa uku. Jaridar Wall Street Journal ta taɓa ƙirgawa a 2010, ta ce lokacin da ake ainihin fafatawa bai wuce kamar minti 11 ba. Sauran duk tsayawa ne: ana shawara, ana canza 'yan wasa, ana maimaita hoto, ana talla. Agogon yana raguwa a gaban kowa, ana tsayar da shi, koci ma yana da damar neman a dakata ya ja 'yan wasansa gefe ya tsara musu abin da za su yi. Ɗan kallo ya san daidai daƙiƙa nawa suka rage, ya san lokacin da zai tashi ya sayo abin taɓawa ba tare da wani abu ya wuce shi ba.

A ƙwallon ƙafa kuwa minti 45 ne a jere babu tsayawa, babu talla, sai hutun rabin lokaci, sai wani 45. Koci yana bakin layi yana ta ihu, amma da zarar an take, wasan na 'yan wasa ne. Wanda aka cire ba ya dawowa. Lokacin da aka ɓata wajen jinya da canji da murnar cin ƙwallo, alƙalin wasa ne yake riƙe da lissafinsa, kuma abin da ake ɗagawa a allo mafi ƙarancin ƙari ne kawai, yana iya zarcewa. A gasar cin kofin duniya ta Qatar a 2022, wasan Ingila da Iran an ƙara masa sama da minti 25 idan aka haɗa ɓangarorin biyu. Ba'amurke yana ganin wannan a matsayin rashin tsari: yaya za a bar mutum ɗaya da sirrin lokacin tashi? Ƙorafinsa yana da tushe, zan dawo kansa. Amma cikin wannan ƙarin lokacin ne Sergio Aguero ya ci wa Manchester City ƙwallon da ya ba ta kofin Firimiya ranar 13 ga Mayu 2012, a minti na 93 da daƙiƙa 20, bayan an shiga ƙarin lokaci abokiyar karawarta QPR na gaba da ci 2 da 1.

Canjaras ya fi agogo yi masa ciwo. A ƙwallon kwando ana ta ƙara lokaci har sai wani ya ci. A besbol haka. Gasar ƙwallon gora ta ƙanƙara, NHL, ta soke kunnen doki gaba ɗaya a 2005. A NFL akwai shi, amma da wuya a gan shi. Tunanin shi ne mutum ya biya kuɗinsa, dole ya koma gida da sanin wanda ya yi nasara. To a ƙwallon ƙafa cin ƙwallo abu ne mai tsada, wasa yakan tashi da biyu ko uku duka-duka, kuma wannan ƙarancin shi ne yake ba ƙaramar ƙungiya damar tsayawa a gaban babba. A ƙwallon kwando, inda kowane ɓangare ke zura maki sama da ɗari, wanda ya fi ƙarfi kusan kullum shi ke rinjaye, domin yawan damarmaki yana goge sa'a. A ƙwallon ƙafa ƙungiyar da ke kasan teburi tana iya zuwa Anfield ta tsare gida minti 90 ta koma da maki ɗaya, kuma wannan makin zai iya zama shi ne ya cece ta a watan Mayu. Tun 1981 Ingila ta mayar da nasara maki uku, canjaras ɗaya, don a rage zaman tsare gida. Ko da haka, babu-ci a gidan babbar ƙungiya nasara ce ga wani, asara ce ga wani. Ba a karanta sakamakon wasan ƙwallon ƙafa shi kaɗai, sai an ɗora shi a kan teburi.

Amurkawa sun taɓa gwada gyara waɗannan abubuwa biyu. Da aka fara MLS, babbar gasar ƙwallon ƙafarsu, a 1996, shekara biyu bayan ƙasar ta karɓi baƙuncin kofin duniya, agogonta raguwa yake yi zuwa sifili, kuma idan aka yi canjaras sai a raba gardama da wani salon bugu: ɗan wasa ya taso da ƙwallo daga yadi 35, yana da daƙiƙa biyar ya ci mai tsaron gida. Masu son ƙwallon ƙafa na asali suka ƙi abin, waɗanda aka yi don a jawo su kuma ba su zo ba. Bayan kakar 1999 aka watsar da duka biyun.

Daga nan sai batun zakara. Baƙon namu yakan tambaya yaushe ne wasan ƙarshe na Firimiya, a ce masa babu. Ƙungiyoyi 20, kowacce ta kara da kowacce gida da waje, wasa 38, mai maki mafi yawa ya ɗauki kofi. A wurinsu kakar wasa share fage ce kawai ta shiga zagayen sili-ɗaya-ƙwale. A kakar 2007 ƙungiyar New England Patriots ta cinye wasanninta 16 duka, amma New York Giants, wadda ta sha kashi sau shida a kakar, ta doke ta a Super Bowl, kuma Giants ce zakara a tarihi. Ba'amurke bai ga aibu a nan ba, gwarzo a wurinsa shi ne wanda ya tsaya a ranar da ta fi kowace muhimmanci. Bature kuma yana ganin gwarzo shi ne wanda ya jure wata tara, cikin sanyi da ruwan sama, a gida da waje. Leicester City ta zama zakara ranar 2 ga Mayu 2016 ba tare da ta buga wasa a ranar ba. 'Yan wasanta suna gidan Jamie Vardy suna kallon talabijin lokacin da Tottenham ta yi 2 da 2 da Chelsea, lissafi ya nuna babu mai iya kamo su.

Sannan ga gasa a kan gasa. Ƙungiya ɗaya ranar Asabar tana Firimiya, Talata tana Madrid ko Milan a gasar Zakarun Turai, mako mai zuwa tana wani ƙaramin gari a kofin FA, wanda aka fara tun 1871 kuma ɗaruruwan ƙungiyoyi ke shiga, har da waɗanda 'yan wasansu ke da wata sana'ar da rana. Wigan ta doke Manchester City ta ɗauki kofin FA a Mayu 2013, bayan kwana uku ta faɗa daga Firimiya. A tsarin Amurka babu inda za a ajiye irin wannan labari.

Faɗuwar nan ita ce zuciyar maganar, kuma a kanta ya kamata a tsaya. Ƙungiyoyi uku na ƙarshe a Firimiya suna sauka gasar Championship, uku su hau. Ƙasan Championship akwai League One, sai League Two, jimilla ƙungiyoyi 92 a matakai huɗu, sannan ƙasa da su akwai matakai masu yawa har zuwa ƙungiyoyin unguwa. Ga mai karatu a nan wannan ba sabon abu ba ne. Mutanen Kano ba su manta da 2022 ba, shekarar da Kano Pillars, mai kofin ƙasa huɗu, ta faɗa ajin 'yan dagaji, ta sake hawowa a shekarar da ta biyo. Ba'amurke kuwa bai taɓa ganin irinsa ba. A 2017 Cleveland Browns ta gasar NFL ta buga wasa 16 ta sha kashi a duka 16. Hukuncinta shi ne aka ba ta damar fara zaɓe cikin matasan 'yan wasan da suka fito daga jami'o'i a shekara mai zuwa. Haka tsarin yake tun 1936 a NFL: wanda ya zo na ƙarshe shi ke fara zaɓe, zakara ya zaɓa a ƙarshe. Akwai kuma iyakar kuɗin da kowace ƙungiya za ta kashe a albashi, kuɗin talabijin na ƙasa ana raba shi daidai. Saboda haka a wasu wasanninsu, musamman ƙwallon kwando, ƙungiyar da ta ga kakarta ta lalace takan sassauta da gangan don ta samu zaɓi mai kyau, magoya bayanta ma su riƙa fatan a ci su.

Wannan bambanci yana da asali, kuma asalin ya koma shekaru 12 da ke tsakanin 1876 da 1888. A 1876 wani ɗan kasuwar Chicago, William Hulbert, ya jagoranci kafa gasar besbol ta National League da ƙungiyoyi takwas. Ƙasar mai faɗi ce, tafiya a jirgin ƙasa mai tsada, ƙungiyoyi suna rushewa a tsakiyar kaka. Maganin da ya kawo shi ne a rufe ƙofa: masu ƙungiyoyi su ne masu gasar, kowanne a ba shi birninsa shi kaɗai, ba mai shigowa sai da yardarsu. Duk manyan gasannin Amurka da suka biyo baya a kan wannan tubali aka ɗora su. A 1888 kuma William McGregor na Aston Villa ya haɗa ƙungiyoyi 12 daga tsakiya da arewacin Ingila suka kafa Football League. Matsalarsa daban ce. Ƙasar ƙarama ce, garuruwa kusa da juna, ƙungiyoyi masu ƙarfi sun riga sun cika ko'ina, an kuma riga an kafa hukumar FA tun 1863 a saman kowa. Waɗanda aka bari a waje suka kafa tasu gasar, a 1892 aka haɗe su aka yi rukuni na biyu. Da farko wasannin gwaji ake yi tsakanin na ƙasan rukuni na ɗaya da na saman rukuni na biyu, har zuwa 1898 da Stoke da Burnley, waɗanda canjaras ya ishi kowaccensu, suka buga wasan da babu wanda ya nemi cin ƙwallo. Daga nan aka koma hawa da sauka kai tsaye. Ƙofar ƙasa ta rukuni na huɗu ma ba ta buɗe sosai ba sai 1987, kafin nan ƙuri'a ake jefawa, kuma na ciki sukan zaɓi junansu.

Ta wannan tsani Luton Town ta bi. A 2009 ta fita daga rukunan nan huɗu gaba ɗaya bayan an zaftare mata maki 30. Ta dawo a 2014, a 2023 kuma ta shiga Firimiya, da ƙaramin filinta na Kenilworth Road wanda baƙi ke shiga ta tsakanin gidajen mutane. Ta wannan tsanin kuma Leeds ta sauka a 2004 ba ta dawo ba sai 2020, Sunderland ta faɗi sau biyu a jere a 2017 da 2018. Idan ƙungiya ta faɗi, kuɗin talabijin ya ragu ƙwarai, a sayar da 'yan wasa, a sallami ma'aikatan ofis da na kanti. Mutanen da baƙon ya ga suna kuka a mataki na 17 sun san abin da suka tsallake. Wasan ƙungiya ta 18 da ta 19 a watan Afrilu yakan fi wasan manya zafi, alhali irinsa a Amurka kujeru ne ke kallonsa.

Tambayar da ke ƙarƙashin duk wannan ita ce: ƙungiya ta wace ce? A Amurka amsar a fili take, ta mai ita ce, kuma yana iya ɗauke ta. Ƙungiyar besbol ta Brooklyn Dodgers ta bar New York zuwa Los Angeles bayan kakar 1957. A daren 28 ga Maris 1984 manyan motocin ɗaukar kaya suka kwashe ƙungiyar zari-ruga ta Baltimore Colts zuwa Indianapolis, mutanen gari suka wayi gari babu ƙungiya. Seattle ta rasa ƙungiyar kwandonta a 2008. A 2016 Stan Kroenke ya ɗauke ƙungiyar zari-ruga ta Rams daga St. Louis ya kai ta Los Angeles, shari'ar da ta biyo baya aka sasanta a kan dala miliyan 790. Wannan Kroenke ɗin shi ne mai Arsenal. Akwai Green Bay Packers wadda jama'a suka mallaka, amma ita kaɗai ce, kuma dokar NFL ta hana a sake yin irinta.

Ƙungiyoyin Ingila kuwa daga masana'antu da majami'u suka tsiro. Ma'aikatan jirgin ƙasa ne suka kafa Newton Heath a 1878, wadda ta zama Manchester United. Ma'aikatan masana'antar makamai ta Woolwich suka kafa Arsenal a 1886, maƙeran jiragen ruwa suka kafa West Ham a 1895, Everton da Aston Villa daga majami'a suka fito. A takarda suna da masu su, ana saye ana sayarwa. Amma magoya baya suna kallon mai ƙungiya kamar wanda aka ba riƙon gonar gado: ya noma, ya ci amfani, amma ba shi da ikon ɗauke ta daga inda kakanni suka bar ta. Sau ɗaya a zamanin nan aka gwada salon Amurka. A 2002 aka amince Wimbledon ta bar kudancin Landan zuwa Milton Keynes, tafiyar kusan kilomita 90. Magoya bayanta suka ƙi bi, suka kafa AFC Wimbledon a shekarar, suka fara daga mataki na tara, a 2011 suka shigo cikin 92. Da a ce gasar rufaffiya ce, da ba su da hanyar dawowa ko da sun shekara ɗari suna cin wasa.

Wannan ne kuma yake bayyana abin da baƙon ke gani a cikin fili. Babu mai riƙe da lasifika yana umartar jama'a su yi ihu, waƙoƙin daga bakin 'yan kallo suke tasowa, wasunsu sun girmi masu rera su. An keɓe magoya bayan baƙi a kusurwa guda, jami'an tsaro a tsakani. Tun 1985 doka ta hana shan giya a inda ake hangen fili, bayan shekarun tarzoma, sannan bala'in turmutsitsin filin wasa na Hillsborough a 1989, wanda ya ci rayuka 97, ya sa aka mayar da filayen manyan ƙungiyoyi na zama zalla. Idan ya ce bari ya zauna gida ya kalli wasan ƙarfe uku na ranar Asabar, sai ya tarar ba a nuna shi a talabijin ɗin Ingila, don a kare ƙananan ƙungiyoyi kada filayensu su zama kango. Wasan da mai kallo a Kano ko Yamai yake gani kai tsaye, mazaunin Landan ba ya ganinsa. Abin da ya fi kama da wannan a Amurka shi ne zari-rugar jami'o'i, a Alabama ko Michigan, inda ƙungiya ba ta ƙaura kuma gaba ta gado ce. Ba'amurken da ya fito daga irin waɗannan wurare yakan fi saurin kama bakin zaren.

Yanzu a ba shi haƙƙinsa, domin ba duk tambayoyinsa ne na rashin sani ba. Idan ya ce ana ɓata lokaci, gaskiya ya faɗa. Cikin minti 90 ɗin nan, lokacin da ƙwallo ke yawo bai cika kaiwa awa guda ba, kuma ɗan wasan da ke birgima a ƙasa ƙungiyarsa na gaba da ci ɗaya yana cin gajiyar agogon da ba ya tsayawa ne. Idan ya ce faɗuwar ƙarya don neman fenariti abin kunya ne, babu mai musa masa. Babbar tambayarsa kuma ita ce wadda ta fi wuyar amsawa: ina amfanin buɗaɗɗiyar ƙofa idan kullum mutum huɗu ko biyar ne ke cin kofi? Daga 1992 da aka fara Firimiya zuwa 2025, ƙungiyoyi bakwai ne kacal suka ɗauka. Manchester City ta ɗauka sau huɗu a jere daga 2021 zuwa 2024. A Jamus Bayern Munich ta yi sau 11 a jere. A kakar da ta ƙare a 2024, da wadda ta ƙare a 2025, duk ƙungiyoyi ukun da suka hau Firimiya su ne suka koma. Luton ma tana cikinsu. A NFL kuwa ƙungiyar ƙaramin gari tana da dama ta gaskiya, saboda an tsara abin ne don kada kowa ya yi nisa da yawa.

Dalilin yana kasuwar 'yan wasa. A Turai mai kuɗi shi ke sayen gwani. PSG ta biya Yuro miliyan 222 a kan Neymar a 2017. Tun hukuncin da kotun Turai ta yanke a shari'ar ɗan wasa Bosman a 1995 ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare yana tafiya inda ya so kyauta, kuma ko an sayar da shi sai ya amince da inda za a kai shi. A Amurka matashi ba ya zaɓar ƙungiyarsa ta farko, kuma yawanci ana iya musanya ɗan wasa da wani a aika shi wani birni ba tare da an nemi yardarsa ba. Wato ƙasar da aka sani da sakin kasuwa ita ce ta ɗaure kasuwar wasanninta, Turai kuma ta sake tata. Kowane tsari akwai abin da ya saya da abin da ya biya. Na Amurka ya sayi daidaito tsakanin 'yan ciki, ya biya da rufe ƙofa ga kowa da ke waje. Na Ingila ya bar ƙofa a buɗe, ya biya da rata mai faɗi da kuma ƙungiyoyin da ke cin bashi don su hau ko don kada su faɗi. Bury, wadda ta taɓa cin kofin FA sau biyu, an kore ta daga gasar a 2019 saboda ta kasa biyan bukatunta.

Ni dai ina tare da buɗaɗɗiyar ƙofa, da duk illarta. Ratar kuɗi abu ne da za a iya ragewa ta hanyar rabon kuɗin talabijin da sa ido a kan kashe-kashe. Rufe ƙofa kuwa idan aka yi shi an gama, domin waɗanda ke ciki ba za su taɓa jefa ƙuri'ar buɗe ta ba.

Ɗan kallon da ya ruɗe ba ya cutar da kowa, kuma da yawansu bayan kaka ɗaya sun zama 'yan gani-kashe-ni. Tun da tashar NBC ta fara nuna Firimiya a 2013, Amurkawa masu tashi da sassafe don kallo sai ƙaruwa suke yi, labarin Wrexham da ta hau mataki uku a jere daga 2023 zuwa 2025 a hannun wasu taurarin fim biyu ya koya wa da yawansu daɗin hawa. Inda abin yake da nauyi shi ne idan mai irin wannan fahimta shi ne mai ƙungiyar. Iyalan Glazer sun sayi Manchester United a 2005 da bashin da suka ɗora wa ƙungiyar kanta. Kamfanin John Henry ya sayi Liverpool a 2010, Todd Boehly da abokansa suka sayi Chelsea a 2022, ga Fulham, Bournemouth, Everton, Leeds, Burnley. Mutumin da ya zuba biliyoyi, wanda a ƙasarsu darajar ƙungiya ba ta san faɗuwa ba, dole ya ga tsarin da mummunar kaka ɗaya za ta hana shi kuɗin Zakarun Turai a matsayin aibin da ke bukatar gyara.

An ga gyaran da ake nufi ranar 18 ga Afrilu 2021, lokacin da ƙungiyoyi 12 suka sanar da gasar Super League: shida daga Ingila, uku daga Sifaniya, uku daga Italiya, bankin JP Morgan na Amurka zai ba da kuɗin. Waɗanda suka kafa ta ba za su taɓa fita ba ko yaya suka buga. Ba Amurkawa kaɗai ne suka ƙulla ta ba, shugabanta Florentino Perez ne na Real Madrid, amma tsarin na Hulbert ne, kuma masu United da Liverpool da Arsenal suna sahun gaba. Abin da ba su yi tsammani ba shi ne magoya bayan ƙungiyoyin da za su amfana su ne suka fara fitowa titi. Magoya bayan Chelsea suka tare hanya a Stamford Bridge, 'yan wasan Liverpool suka fito fili suka ce ba sa so. Cikin kwana uku duk ƙungiyoyin Ingila shida suka janye, John Henry ya fito a bidiyo yana neman afuwa. Ranar 2 ga Mayu magoya bayan United suka kutsa cikin Old Trafford har aka ɗage wasansu da Liverpool. Mutanen nan sun ƙi tsarin da zai tabbatar wa ƙungiyarsu kujera har abada, domin sun san cin Barcelona ba shi da ɗanɗano idan ba a sha wuyar isa gare ta ba.

Abin da ya biyo baya ya shiga doka. Gwamnatin Birtaniya ta sa 'yar majalisa Tracey Crouch ta jagoranci bincike a 2021, kuma a Yulin 2025 aka zartar da dokar da ta kafa hukuma mai zaman kanta da za ta sa ido a kan ƙungiyoyin Ingila. Tana da ikon hana su shiga rufaffiyar gasa, sai da izininta za a sayar da fili ko a ƙaura, kuma dole a tuntuɓi magoya baya kafin a taɓa tambari ko launin riga. A can Amurka ma maganar ta fara motsi. A Maris 2025 masu ƙungiyoyin USL, gasar da ke ƙasa da MLS, suka jefa ƙuri'ar amincewa da hawa da sauka a tsakanin rukunansu. MLS dai ba ta nuna alamar bi ba, kuma dalilin a lissafi yake: San Diego, wadda ta fara wasa a 2025, an ruwaito dala miliyan 500 masu ita suka biya kafin a buɗe musu ƙofa, kuma a cikin abin da suka saya da kuɗin har da tabbacin cewa babu kakar da za ta fitar da su.